Lalle a Ƙafa Ɗaya

Shafi na 11

Saura kaɗan in bar ku a shafi na goma. Na buɗe wayar salula na rufe, na sake buɗewa na rufe. Masu turo mini "ci gaba, ci gaba" kamar ina rabon fanke, duk na gani. Wadda ta ce jan aji nake yi, Allah ya sani ba haka ba ne. Ni ko a gidan biki ba na iya ɗaga murya in nemi ruwa. Hannuna ne ya ƙi. Abin da zan rubuta yau na cikin gidanmu ne, kuma in ya fita ba zai koma ba.

Ga waɗanda suka shigo kwanan nan. Yayata Hafsatu, 'yar farin Inna, ta fita da kwandon bandar kifi za ta Maradi a ƙarshen wata damina, ba ta dawo ba. Ɗiyarta Nusaiba ba a daɗe da yaye ta ba a lokacin, yanzu har ana aiken ta shago. Yaji ta yi, tana gidanmu. Yaya Al'amin, mai bi mata, shi ya ɗauke ta a amalanken jaki da asuba, ya ce a tasha ya sauke ta. Garin Madarunfa kaf ya ɗora wa mijinta Yusuf, saboda faɗan da suka yi. Jandarma suka riƙe shi, ba a samu komai ba, aka sake shi, ya tsallaka Najeriya bai ƙara takowa ba. Inna kuwa ta hana a yi sadaka har yau. Ta ce ba a yi wa mai rai.

A shafin baya na tsaya inda na kalli fim ɗin nan da samarin Maradi suka yi daga littafin wata malamar lakwal, makarantar boko. Mace mai kifi ta ɓace, mijinta yana kuka a rediyo a nemo masa ita, alhali shi ya san inda ya kai ta. Kowa a garinmu ya tura a salularsa, kowa ya ce Hafsatu ce. A ƙarshen fim ɗin an nuna ƙafafunta a bakin ruwa. Ɗaya da jan lalle, ɗaya babu.

Kun tambaye ni me ya sa na yi amai da na ga wurin.

Ni na sa mata lallen.

A ɗakinmu ne, jajibirin tafiyarta. Na ture kwanon da gwiwa, rabin kwaɓin ya zube a ƙasa, abin da ya rage ƙafa ɗaya ya isa. Ta dungure mini kai.

"Ke Firdausi, kin mai da ni akuya mai alama."

Muka yi ta dariya muna toshe baki kada Inna ta ji. Da asuba ta wanke ƙafar a cikin ɗaki, ta sa safa, ta ce kada in gaya wa kowa, za ta sayo lalle a Maradi in ƙarasa mata.

Ban gaya wa kowa ba. Ko jandarma ban gaya wa ba, don ban ga amfaninsa ba.

To ina mai littafi ta samo?

Na ce wa Inna zan je Safo barkar wata ƙawata. Na hau kabu-kabu. Sunan malamar Balaraba, a Safo take koyarwa, an rubuta a farkon fim ɗin.

Na same ta a gindin itacen bedi, yara sun fita cin abinci, tana cin dafaffiyar gyaɗa a leda. Doguwa ce, da tabarau. Na durƙusa na gaishe ta. Na sake gaishe ta. Maganar ta ƙi fita.

"Kin gaishe ni sau biyu," ta ce. "Ko ɗa kika kawo a rubuta?"

"A'a, Madam."

"To?"

"Fim ɗin nan ne."

Ta yi tsaki, amma da dariya a ciki.

"Ke ma labarinki na sata? Wancan satin wani mahauci ya zo ya ce matarsa ce. Matar tasa kuwa tana Jibiya tana suyar awara, kowa ya sani sai shi."

"Yayata ce."

"Allah ya bayyana ta. Amma ƙirƙira ce, ƙanwata. Kaina ne ya haifa."

"Ƙafar fa?"

"Ƙafar me?"

"Mai lalle."

Ta ɓare gyaɗa ɗaya, ba ta kai baki ba.

"A fim ɗin ta hagu ce," na ce.

"Eh."

"Tata ta dama ce."

Wani yaro ya zo zai kawo ƙarar ɗan'uwansa, ta kore shi da hannu ba ta dube shi ba. Ta cire tabarau ta goge da bakin mayafi. Ta daɗe tana gogewa.

"Wa ya gaya miki ta dama ce?"

"Ni na sa mata."

"Innalillahi."

A hankali ta faɗa, kamar mai magana da ledar da ke hannunta.

"Ni na juya ta," ta ce. "Na ce in na mai da ita hagu ba wanda zai gane."

"Kin gan ta ke nan."

"Ban gan ta ba."

"Madam, don Allah. Tana raye?"

Ta ɗaure bakin ledar gyaɗar.

"Mijin fa?" na ce. "Wanda kika sa ya kashe ta?"

"Wannan ni na ƙirƙira. A mota na ji mata suna hirar wata mai kifi ta Madarunfa da mijinta ya ɓatar. Ƙafar kuma a wani wuri na ji. Sai na ɗinka su tare. Ban taɓa zaton mace ɗaya ba ce."

"Yana da suna. Yusuf. Ɗiyarsa ba ta san fuskarsa ba. Tun da fim ɗin ya fito uwarsa ta daina zuwa rijiya."

Ban san ina na samu bakin faɗin wannan ba.

Ta miƙe ta karkaɗe zane. Ta je ta yi magana da wani mushe, malami abokin aikinta, a ƙofar aji, ta dawo da makullin babur.

"Hau. Amma ba ni zan gaya miki ba. Kuma wadda za ta gaya miki, yau sai ta tsine mini."

Ƙauyen yana bayan Safo, a gefen gulbi. Gida ne na dangar kara. Wata tsohuwa ƙarama tana zaune a tabarma tana ɓarar wake, hannuwanta farare tas kamar na mai wanki.

"Kakata ce, Kulu," Madam ta ce mini. "Ita ke wa matan yankin nan wanka."

Ban gane ba da farko.

"Wankan ƙarshe," ta ce.

Na zauna a ƙasa, ban kai tabarmar ba.

Tsohuwar ta ɗago.

"A'a, mai biro ce da rana tsaka. An kore ki ne, ko sun gane ba ki san komai ba?"

"Tsohuwa, baƙuwa na kawo miki."

"Na ga baƙuwa. Ba ki ba ta ruwa ba, kin bar ta a turɓaya. Karatun naku ke nan." Ta juyo gare ni. "Ɗiyata, matso. Ɗiyar wa ce ke?"

Na faɗi sunan Baba, Allah ya ji ƙansa. Ba ta san shi ba.

Madam ta durƙusa a gabanta. Ta yi bayani a gajarce, kanta a ƙasa. Littafi, fim, ƙafa. Hannun tsohuwar ya tsaya a cikin wake.

"A ina kika ji zancen ƙafa?"

"A bakinki. Shekarar da zazzaɓi ya kwantar da ke. Kina ta sambatu, ki ce a samo lalle a ƙarasa mata, ba a kai mace da ƙafa ɗaya."

"Zazzaɓina kika kai kasuwa?"

"Kaka..."

"Tun kafin a haifi uwarki nake shiga bayan labule. Na ga tabo, na ga ciki, na ga abin da miji bai gani ba. Ko kakanki bai taɓa jin kalma ɗaya ba har ya mutu. Sai ke. Kika zauna a kaina da mafici kina tsince mini baki."

"Na juya ƙafar."

"Kin juya ƙafar. To sannu."

Ta ci gaba da ɓarar wake. Ta juya mini rabin baya.

"Ɗiyata, ki yi haƙuri, ki sha ruwa ki koma gida. Amanar gawa ce. Ba na faɗa."

Na sha ruwan. Na miƙe ma, don ni ba na iya musu da babba. Na kai bakin danga. Sai na ji bakina yana magana.

"Kaka, ni ce ban ƙarasa mata ba."

Ba ta juyo ba.

"Tana da murhun banda a bayan gidanmu, na laka, ita ta gina da hannunta. Duk damina Inna ke rufe shi da leda, ta danne da duwatsu, kada ruwa ya rushe shi kafin ta dawo. Bana ledar ta yage, ta cire ta kan gadonta ta rufa. Ita ta kwana a jiƙe."

Kaji suna ta tsattsagar ɓawon wake. Ba wanda ya kore su.

"Uwar tana raye ke nan," tsohuwar ta ce.

"Tana raye."

"Ba a yi sadaka ba?"

"Ta hana."

Tsohuwar ta dafa ƙasa ta miƙe, ta shiga ɗaki. Na ji tana jan akwati. Ta fito da ƙunshi a tsohon buhu, ta ajiye a gabana, ta koma wurin zamanta.

"Al'ada ce, zanen da aka zo da mace a ciki na mai wanka ne. Na masu suna ina ɗaurawa, in yi musu addu'a. Wannan ba ta da suna. Na ajiye."

Na kwance.

Kore ne mai zanen makullai rawaya. Ankon bikin 'yar kawunmu. Nawa yana cikin akwatina yanzu haka. A bakin nata akwai huda uku ƙanana a jere, inda tartsatsin murhu ya ci.

Ban yi kuka ba. Na sa hancina a ciki. An wanke shi, ya daɗe a akwati, amma hayaƙin yana nan.

"Mi sunanta?" tsohuwar ta ce.

"Hafsatu."

"Hafsatu." Ta maimaita a hankali. "To, Allah ya ji ƙan Hafsatu. Shekaru ina cewa baiwar Allah."

Daga nan ta faɗa mini. Ba ta dube ni ba, wake take kallo.

An kwana ana ruwa a sama, gulbi ya cika ya tumbatsa, ya yanke hanya. Da hantsi wani saurayi ya shigo ƙauyen da amalanke, jiƙe har wuya, takalmi ɗaya. Akwai mutum a bayan amalanken an rufe da tabarma. Ya ce baƙuwa ce, a mashigi ya tsince ta ruwa ya kawo. Ya ce shi ma matafiyi ne. Ba wanda ya san fuskarta. Ba hanya, ba rezon waya. Liman ya ce gawar ruwa ba ta jira. Kafin la'asar an rufe ta. Da ruwa ya janye mai gari ya sa aka yi cigiya a kasuwa, ba wanda ya zo.

Ba wanda zai zo. Mu a lokacin Maradi muke nema, da tashoshi, da bakin iyaka. Ba wanda ya dubi gulbi, tunda an ce mota ta hau.

"Akwai rauni a jikinta?" Madam ta tambaya.

"Ke rufe mini baki. Ba ke nake wa magana ba, kada gobe in ji ni a salula." Ta juyo gare ni. "Wannan ba zan faɗa ba, ɗiyata, ko ke. Abin da zan faɗa, yashi ne cike da kitsonta. Na zauna na tsefe shi duka, na wanke, na yi mata kalaba uku. Ban yi mata gaggawa ba."

"Na gode, Kaka."

"Ruwa ya tafi da takalmi da safa. Tabarmar ta yi gajarta, ƙafafun a waje suka zo. Ta dama ja wur, sabon lalle. Ta hagu fara. Shi ya tsaya mini a rai. Na ce wannan akwai wadda ke jiran ta ta ƙarasa mata."

A nan ne kukan ya zo. Ta bar ni na yi. Ba ta ce in yi haƙuri ba.

Da na lafa ta kama hannuna ta kai ni bayan danga. Ta nuna mini maƙabarta daga nesa, tunda mu mata ba ma shiga.

"Kin ga aduwar can? Gabas da ita. Akwai fasasshen kasko a kai."

Na gani. An share wurin. Sauran kaburburan ciyawa ta rufe su, wannan babu ko tsinke.

"Wa ke sharewa?"

"Shi."

"Wa?"

"Mai amalanken."

"Ba kin ce matafiyi ne ba?"

"Haka ya ce." Ta saki hannuna. "Ni dai na daɗe a wannan aiki. Wanda ya tsinci baƙuwa yakan yi salati, ya taya haƙa, ya wanke hannu ya kama hanya. Wannan shi ya kama ƙafafunta muka shigar da ita ɗaki, sai da na ɓamɓare yatsunsa. Da aka je rufewa maza sun ce shi ya shiga ramin ya karɓe ta, ya hana kowa. Sai da aka jawo shi."

"Yusuf gajere ne, baƙi, yana da gibi," na ce.

"Wannan dogo ne. Ba gibi."

Madam ta rufe fuska da tafin hannu.

"Sunansa fa, Kaka?"

"Ban tambaya ba, bai faɗa ba. Ba ya yarda mu haɗa ido. Duk kaka in an yanke gero sai ya zo lokacin da na tafi rijiya. Ya share kabarin, ya jingine mini dami ɗaya a bakin ƙofa, ya tafi. Ƙeyarsa kawai nake gani. Na bana ma ga shi can, ban taɓa ba tukuna."

Ta nuna gindin rumbu.

Dami ne babba, zangarniya masu tsawo. Na dube shi don ta nuna mini ne kawai. Sai idona ya sauka kan igiyar.

Shuɗiya ce. Yankin tsohon sange ne, gidan sauro da aka yayyage aka murɗa. Mutane da yawa suna ɗaure dami da shi, na sani. Na gaya wa kaina haka. Na matsa kusa.

A tsakiyar igiyar akwai faci na jan ƙyalle, an ɗinke shi da baƙin zare, ɗinki karkatacce, manya-manyan taku.

Ɗinkina ne. Inna kullum tana mini faɗa a kansa, ta ce kamar sawun kaza.

Sangen ɗakinmu ne, ni da Yaya Hafsatu. Bana ya gama mutuwa, ni na yayyage shi da hannuna na ba Yaya Al'amin da za a ɗaure gero. Ni na kama masa wannan damin muka ɗora a amalanke. Kowace shekara yakan ware ɗaya, mafi kyau. Ya ce na wani malami ne a Safo, sadakar Baba.

Inna har albarka take sa masa a kai.

"Kin san igiyar," tsohuwar ta ce a bayana.

"A'a."

"To."

"Ban san ta ba, Kaka."

"Na ji. Ni ma ban tambaye ki ba." Ta naɗe zanen ta mayar a buhu ta miƙo mini. "Naku ne. Ki kai wa uwarku ko kada ki kai, wannan ke da Allah. Amma uwa tana da haƙƙin ta san inda za ta juya fuska in za ta yi wa ɗiyarta addu'a."

Madam ta mai da ni bakin hanya. Da na sauka ta riƙe mini mayafi.

"Zan je gidan su Yusuf. Zan gaya wa uwarsa ƙarya na rubuta."

"Kada ki je tukuna."

"Don me?"

"In kin ce ba shi ba ne, za a ce to wa."

Ta dube ni. Ta sake ni.

A tashar Madarunfa na sauka. Na tsaya ina kallon wurin da aka ce an sauke ta, gindin rumfar masu shayi. Sau nawa na zo nan da Inna muna nuna hotonta ga direbobi. Yaya ne ke gaba kullum. Shi ya sayar da tunkiyarsa ya je har Katsina nema. Shi ya fara cewa a tambayi Yusuf.

Akwai mai kayan ƙamshi a bakin tashar. Na sayi garin lalle ƙulli ɗaya. A lokacin ban san me zan yi da shi ba.

Na iso gida rana ta yi sanyi. Yaya yana zaune a kan turmi da Nusaiba a cinyarsa, yana fere mata rake, yana yanka ƙanana don haƙoranta. Baba take ce masa. Shi ke noma abin da muke ci. Shi ke sayen maganin hawan jinin Inna. Mata nawa aka yi masa tayi, ya ce sai yayarsa ta dawo.

"'Yar barka," ya ce. "Ya mai jego? An ba ki kunun kanwa ko rowa suka yi?"

"An ba ni."

"Namiji ko mace?"

"Mace."

"Me ke cikin buhun?"

"Wanki ta ba ni."

Ya yi dariya. "Kin je barka an haɗo ki da wanki. Ke dai ba ki iya cewa a'a ba."

Inna tana bayan gida tana gyara duwatsun kan murhun banda, ko da yake ruwa ya ɗauke. Ba ta kiran sunan Yaya Hafsatu, 'yar fari ce. Waccan take cewa.

"Firdausi, zo ki kama mini. In waccan ta dawo ta tarar ya tsage, ni za ta yi wa mita."

Na kama mata. Na tura buhun ƙarƙashin gadona.

Na yi ta juya abin. Ko jakin ne ya firgita a mashigi. Ko ita ta ce su yanke ta gulbi don ta riski kasuwa da wuri. Ko shi ya ce. Ko wani abu ne daban, abin da tsohuwar ta gani ta ƙi faɗa. In na yi shiru, Inna za ta mutu tana rufe murhu, Nusaiba ta girma ana nuna ta ana cewa ubanta ya kashe uwarta. In na yi magana, Inna ta rasa biyu a rana ɗaya.

Kuma ni ban iya tambaya ba. Ko kuɗin sabulu ban taɓa iya duban idon Yaya na tambaya ba.

Washegari da na idar da sallar asuba na kwaɓa lallen. Na sa a ƙafar dama, tafin da yatsu, yadda na yi mata. Na ɗaure da leda. Sauran kwaɓin na rufe shi da faifai. Na ce wa Inna kaina ke ciwo, na zauna a ɗaki har hantsi ya ɗaga. Sannan na kwance na wanke. Ya kama sosai.

Ban sa takalmi ba.

Nusaiba ce ta fara gani, ta tuntsure da dariya.

"Anti, ɗayar fa?"

Inna tana tankaɗe, ta ɗago.

"Wannan wane irin sakarci ne? Lallen ne ya ƙare, ko fim ɗin banzan nan kike kwaikwayo? An ce haka aka yi a ciki."

"Zan ƙarasa, Inna."

Yaya ya dawo daga kai jaki ruwa, yana zaure a kan buzu yana gyaran linzami. Na dama masa fura kamar kullum. Na ɗauki kwanon da hannu biyu. Tsakanin madafa da zaure ba nisa, amma na ji kowace tsakuwa.

Na yi sallama. Na tsaya a gabansa. Ban durƙusa ba.

Ya miƙo hannu bai ɗago ba, idonsa a ƙasa, inda ƙafafuna suke.

Hannun ya tsaya a iska.

Bai yi dariya ba. Bai ce ɗayar fa ba. Bai ce fim ba. Linzamin ya zame daga cinyarsa, ƙarfen ya bugi daɓe. Furar tana zuba a yatsuna.

Da ya yi magana, muryar ba tasa ba ce. Ƙarama ce, kamar ta yaro.

"Ita ma ta dama ce."

Ban ji tahowar Inna ba. Ludayin na manta a madafa, ta biyo ni da shi. Tana tsaye a ƙofar zaure, garin tankaɗe har gwiwar hannu.

Inna ta dubi ƙafata. Ta dubi ɗanta.

"Ita wa?"